Mai Malafa da Sunan Ɗan Fari

Jiya da hantsi ina zaune a tsakar gida ina juya masarar da na shanya, sai na ji ruwa ya sauko. Yaf-yaf-yaf, irin wanda ke fara taɓa kwano kafin ya tsinke. Na yunƙura da ƙyar, gwiwa tana ƙara, na kama bakin tabarma ina kiran jikata Ummi ta zo ta taya ni. Sai na ji dariyarta daga ƙofar ɗaki. Na ɗaga kai, sama fes, ko ɗigon gajimare babu, rana tana dukan katanga. Ashe a cikin wayarta ruwan yake sauka.

"Dada, gem ne fa, wasan waya," in ji ta. "Ki zauna abinki."

Na zauna. Amma ruwan nan na san shi. An taɓa yi mini irinsa a cikin waya, shekarar da Ummi take goye, shekarar gudu. To ku matso ku ji. Labarin gaske ne, ko da yake akwai wani mutum a cikinsa da ba ya ci ba ya sha.

Daminar waccan shekara ba ta yi rowa ba. Ruwa ya sauka da wuri ya zauna, kogin Binuwai ya cika har ya lashe gonakin bakin gaɓa, masara ta yi goyo bibbiyu. Wanda ya kalli gona ba zai ce za a ji yunwa ba. Ana nan ana nan, damina tana shirin ɗaukewa, sai mutane suka fara kwararowa Jimeta ta kan gada. Da fari a motoci, katifu a ɗaure a sama. Daga baya a bayan tifa, a tsaitsaye kamar itacen girki. Daga ƙarshe a ƙafa, ba takalmi, ƙafafu sun kumbura sun tsattsage, wanda duk ka tambaya sai ya nuna arewa da haɓa.

Ɗana na fari yana can. Awon wake da gyaɗa yake yi a wani gari ta hanyar Mubi, can ya zauna da iyalinsa. In damina ta ƙare yakan zo gida ya yi mana dashen masakwa, dawar rani, a gonar mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, da ke bayan Mbamoi. Ba zan gaya muku sunansa ba, kuma na san 'yan yanzu sai an yi musu bayani. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ƙari a kan haka, sunan surukina aka sa masa, mahaifin maigidana, sunan da ko bare ne ke da shi sai in kewaye. Tun yana cikin zanen goyo Mai Sunan Malam nake ce masa in ya zama dole. In bai zama dole ba, "kai" ta ishe mu. Haka aka yi mini, haka na ga ana yi, shi kuwa ya san wa ake ɓoye wa ƙanzon tuwo a gidan.

Matarsa Hajara ce ta iso, wata rana da azahar, Ummi a bayanta, zani ɗaya a jikinta, leɓe ya bushe ya yi fari. Na ba ta ruwa ta sha. Na duba bayanta har bakin zaure.

"Ku kaɗai?" na ce.

"Ya ɗora mu a mota ya koma, Dada. Akwai wani tsoho maƙwabcinmu da ba ya iya tafiya. Ya tura mini wayarsa cikin zani, ya ce in riƙe, zai ari ta wani ya kira."

Shi ke nan, wayar nan ta zama jinjiri na biyu a gidan. Da ita ake kwana, da ita ake tashi. Wuta kuwa a ɗauke take yawancin yini. In ta daɗe ba a kawo ba sai Hajara ta kai wayar wurin mai caji a bakin titi, ta tsaya a kansa cikin rana har ta cika, don kada a kira ba ta kusa.

Gida ya cika. Dangi, da waɗanda suka ce su dangin dangi ne. Zaure, ɗakin girki, har rumfar awaki muka share aka shimfiɗa buhuna. Malama Rifkatu da ke haya a ɗakin ƙofa, malamar firamare ce mutuniyar wajen Numan, ita ma 'yan cocinsu suka kawo mata wasu mata da yaransu. Murhu ɗaya muka koma. Masarar da nake sa ran za ta kai mu bazara, tun ba ta gama bushewa ba aka fara surfa ta. Kunun gyaɗa ya zama kunu kawai, daga baya ya zama ruwan da ya ga gari. Muka koma wa tafasa da rama da yakuwa, a dafa a matse a barbaɗa gishiri, da ƙuli in an samu. Ruwa ya ɗauke sai zafi ya sauko, irin zafin Yola na bayan damina, mai danshi, wanda ke manne wa mutum zani a jiki. Ƙasa tana tururi, sauro ko da rana, yara duk ƙuraje. Yunwa cikin irin wannan zafi ba ta tsaya murɗa ciki ba, kai take juyawa, ka miƙe tsaye ka ga gari ya yi baƙi.

Kullum in an sha kunu, ni da Hajara sai mu kama hanyar tasha, inda motocin arewa ke sauke mutane. Mu tsaya a gefe, in an sauko mu matsa.

"Bawan Allah, sannu da hanya. Ko ka ga wani dogo, baƙi, mai wushirya? Awon wake yake yi."

Hajara ta ƙara da nata, a hankali, kai a ƙasa: "Baban Ummi ake ce masa." Don ita ma ba ta kama sunan mijinta, balle a gabana.

"Dogaye da yawa, Dada. Allah ya bayyana shi."

Mun je makarantun da aka zuba mutane, mun je harabar masallaci a Yola Gari, mun je asibiti mun leƙa fuskoki. Ko'ina amsar ke nan. Rana ta take mu dawo, ƙafa tana zogi, a tarar da yakuwa.

Wata la'asar Hajara tana zaune a gindin dogonyaron tsakar gida tana duba hotunansa, yatsanta ya zame, sai ga ruwa yana sauka a cikin waya. Ta yi ajiyar zuciya.

"Wasansa ne, Dada. Kullum ya dawo daga shago sai ya zauna da shi. Har faɗa mun yi a kai, tuwo yana hucewa."

Wasan ya buɗe daidai inda ya tsaya da shi. Turanci ake yi a ciki, don haka aka kira Rifkatu. Daga ranar, in an yi la'asar ta dawo daga makaranta, sai mu haɗa kai a gindin bishiyar nan: yatsa na Hajara, baki na Rifkatu, ni kuwa ido da shawara. Yara su kewaye mu, numfashinsu a wuyanmu.

Wani mutum ne a ciki, da doguwar riga har gwiwa, malafa ta rufe masa rabin fuska. Muka sa masa Mai Malafa. Sana'arsa bin sawun abin da ya ɓata. Wata mata ta zo ofishinsa ta ce ɗan'uwanta ya fita bai dawo ba, shi ne ya shiga gari nema. Garin nasu kuwa ruwa ba ya ɗaukewa, tituna suna ƙyalli, fitilu suna rawa cikin kududdufi. In ka taɓa ƙofa ya shiga, in ka taɓa mutum ya tambaye shi, in ka taɓa kaya ya ɗauka.

Zan faɗi gaskiyar wasan nan, don na zauna da shi fiye da yadda na zauna da wasu dangina. Wanda ya ƙera shi ya san jira. Duk sanda aka koma ofis za ka tarar da matar nan a kujera, hannuwa a cinya, tana murza bakin gyalenta. Ƙofa ta motsa ta ɗago, in ta ga Mai Malafa ne shi kaɗai sai ta mayar da kai a hankali. Wannan ba da ka aka ƙirƙiro shi ba, an taɓa gani ne a gidan wani. Ranar da na fara ganinta na tashi na ce zan duba tukunya, alhali ba komai a kan wuta.

Ya san maƙaryaci kuma. Akwai wani mai otal, da fara'a kamar ɗan talla, ana tambayarsa yana amsawa tiryan-tiryan. Na ce, "Wannan ƙarya yake. Ku dubi yadda yake ta goge kofin da ya riga ya goge." Aka matsa masa, sai ga shi ya fito da makullin ɗakin da ɓataccen ya kwana.

Rifkatu ta tafa hannu. Hausarta irin ta Jimeta ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinta. "Mama, wallahi kai ɗan sanda ne, kana ɓoye mana!"

"Ɗan sandan da bai ci tuwo ba," na ce. Aka yi dariya. Dariyar da aka daɗe ba a ji ba a gidan.

Ga ruwan nan kuma. Muna zaune zufa tana bin gadon baya, iska ta tsaya cak, amma kunne yana jin ruwa a kan kwano, har ka ji kamar jikinka ya ɗan yi sanyi. Kuma wasan ba ya gaggawa. In ka ajiye shi ka je ka yi salla, Mai Malafa yana nan tsaye a inda ka bar shi, ruwa na ɗiga daga malafarsa. Muddin ana yi, yara sukan manta su tambayi abin da za a ci. Wannan kaɗai ya isa a gode wa mai shi.

Amma fa Mai Malafa ba shi da tarbiyya ko ta anini. Ya faɗa gidan mutane ba sallama. Ya buɗe akwatin mutum a gaban idonsa, ya ɗauki abin da ya ga dama ya jefa aljihu, mai gida yana tsaye yana kallo kamar gunki. Aljihun nan kuwa ba ya cika: makulli, guduma, rabin hoto, fitila, har tsani na ga ya naɗe ya zura. Ba ya cin abinci. Mu da cikinmu ke kuka muna kallo ya wuce mai burodi, ya dawo ya sake wuce shi, ko waiwaye. Wata yarinya cikin baƙin Rifkatu ta kai yatsa ta taɓa burodin, ya ce wai ba shi da amfani a wurinsa yanzu. Yarinyar ta dube ni, na kawar da kai.

Sai wani shirme da suka cika shi da shi. Kowace ƙofa mai muhimmanci ba ta buɗuwa sai an jera wasu gutsattsarin hoto, a tura wannan a ja wancan har su haɗu. Wa ke kulle gidansa haka? Mutum ya ɓace, 'yar'uwarsa tana zaune tana murza gyale, kai kana nan kana wasan yara a bakin ƙofa. Mutanen garin kuma in ka koma musu maganar jiya za su maimaita maka, kalma bisa kalma, ba gajiya ba fushi, ba wanda zai ce maka, baiwar Allah, kin dame mu.

Akwai wanda ya fi waɗannan ci mini rai. Wata rana muka ɗora wa wani mai kwalekwale laifi, ashe ba shi ba ne. Fuskar waya ta yi duhu, Rifkatu ta karanta: wai mu sake gwadawa. Aka taɓa, sai ga mai kwalekwale a bakin ruwa yana gyaran igiyarsa kamar ba a yi ba. A Jimeta ta waccan shekara, in aka nuna saurayi da yatsa aka ce ba a yarda da shi ba, motar hukuma ce ke zuwa. Ba a sake gwadawa. Mun ga uwayen irinsu a tasha, su ma suna tambaya, sai dai su a raɗa suke yi.

Babbar ƙaryar wasan kuwa ita ce ƙyalli. Duk abin da zai amfane ka sai ya riƙa ƙyalƙyali, ko a cikin shara yake, yana kiran yatsanka. Ɓataccen nasu ya bi gari yana yar da kayansa a jere, tikiti a nan, hular hannu a can, kamar wanda ya san za a biyo shi. Ni na tsaya a tasha har ƙafata ta san kowane rami, na kalli ƙullin kayan mutane, na kalli riguna a jikin waɗanda ba nasu ba ne. Ba abin da ya taɓa ƙyallawa.

Ga shan caji kamar rairayi da ruwa. Wata rana ana tsakiyar yi wayar ta mutu, ba wuta, mai caji kuma injinsa ya lalace. Hajara ta riƙe ta a tafin hannu tana jijjigawa.

"In yanzu ya kira fa? Dada, in yanzu ne ya samu aron?"

Ta yi kuka har Ummi ta kama. Ta rantse ta bar wasan. Ba a jima ba na gan ta a gindin bishiya ta sake buɗe shi. Ta ce, "In na taɓa nan, nan Baban Ummi ya taɓa."

Kwanci tashi, lokacin dashe ya yi. Irin masakwa tun cikin damina na yafa shi yadda muka saba, ya tashi ya yi kore yana jiran mai dashe. Gonar kuwa karal ce, baƙar lakar nan da ruwa ke kwanciya a kai. In ruwan ya janye akwai 'yan kwanakin da take karɓar dashe, in suka wuce ta daskare ta tsage, sai wata shekara. Ba ta san ana jiran kowa ba. Baƙin gidana ne suka ce, Dada, tuwonki muke ci, mu je. Muka fita da sassafe, maza da mata, nawa da na Rifkatu, gayya ba kiɗa ba fura. Aka sare ciyawa aka ƙone. Mata muka tuge iri, muka datse ganye da saiwa. Namiji ya ɗaga turken dashe, itace mai nauyi da ƙarfe a baki, ya caka a laka ya murɗa ya zare, ya yi gaba. Mai ruwa ta bi ramin ta tsiyaya, mai iri ta bi ta sa tsiro biyu. Laka tana cin ƙafa har idon sawu, rana tana cin ƙeya, ba inuwa ko ta tsuntsu. Wata ta faɗi, aka yayyafa mata ruwan dashen ta tashi ta ci gaba. Yanzu 'yan ƙwadago ake ɗauka, a fesa magani ciyawa ta mutu, rabin gonar ma gidaje sun cinye. A lokacin hannu ne da haƙuri.

Turken nan na ɗan nawa ne, hannunsa ya cinye maƙamar har ta yi santsi. Wani dogo cikin baƙin ne ya ɗauka. Na hango shi ta baya yana cakawa, na koma can ƙarshen gona na yi aikina ina fuskantar gabas.

Da muka gama dashe muka koma tasha da safe, wasa da la'asar. A nan ne Mai Malafa ya isa bakin tashar jiragen ruwa, ya tarar da ƙofar ƙarfe da wani tsohon maigadi. Rifkatu ta karanta mana abin da za a iya yi: ko a kwatanta masa mutumin, ko a nuna masa rabin hoton, ko a faɗa masa sunan.

"A kwatanta," na ce.

Maigadi ya ce dogaye da yawa ke wucewa ta nan.

Hajara ta taɓa hoton. Ya ce idonsa ba ya gani sosai. Muka koma otal, muka koma ofis, muka zaga gari ko akwai abin da muka bari, muka dawo. Na ce a sake kwatantawa, wataƙila ya tuna. Ya maimaita maganarsa.

"Ku kam da wahala kuke," in ji Rifkatu. Ta miƙa yatsa ta taɓa na ƙarshen. Mai Malafa ya faɗi sunan, maigadi ya ɗaga kai, ƙofar ƙarfe ta yi ƙara ta buɗe.

Yara suka yi ihu. Rifkatu ba ta yi ba. Ta dube ni, ta dubi Hajara.

"Mama, tsaya. Ku a tasha me kuke faɗa wa mutane?"

Hajara ta gaya mata.

"Suna fa?"

Hajara ta girgiza kai.

"Yesu! Duk kwanakin nan? Mama, na san kunya, na zauna da ku na gani. Amma mutum ya ɓace!"

"Ɓatan ne zai mai da shi ɗan wata uwar?" na ce.

Can ta ce, "To ni ba uwa ba ne, ba mata ba ne. Ran Asabar ba makaranta, ni zan faɗa."

Ranar ce ta ƙarshe da muka buɗe wasan. Mai Malafa yana can tsaye a bakin ƙofar da ta buɗe, ba mu shiga da shi ba. Rifkatu ta ce irin wasannin nan kullum ana samun wanda ake nema a ƙarshe. Na yarda da ita, ban dai gani ba.

Ran Asabar ta shirya kamar za ta aji, siket da takalmi mai tsini, jaka a kafaɗa. Muka isa tasha ta shiga gaba, tana tare mutane tana faɗin sunan rangaɗau, da sunan garin, da sana'arsa. Ni ina baya, duk sanda ta faɗa sai in ji kamar an yaye mini mayafi. Mutane su dubi jakarta, su dubi takalminta, su ce ba su san shi ba. Da ko addu'a ana yi mana. Yau kafin mu ƙarasa wuri an watse.

Akwai wata mai ƙosai a bakin ƙofar tasha da ta saba ganinmu, takan ba Ummi guda a hannu. Ta yafito ni.

"Dada, ku ce wa malamar nan ta bari. Yanzu in baƙo ya zo da sunan saurayi a baki, wa ya san ko hukuma ce ta aiko, ko mutanen daji? Wanda ya ce ya san shi, da shi za a haɗa. Ko ƙaninsa ne a nan ba zai amsa mata ba."

Ashe nan ma wasan ya yi mana ƙarya. A garin Mai Malafa suna makulli ne, ko a hannun wa yake zai buɗe. A tasha sai an ga bakin da ya fito.

Rana ta take. Kwalta tana narkewa, warin mai da zufa ya cika wuri. Rifkatu ta dawo gefe tana fifita da hannu, idonta ya yi ja. Hajara ta zame ta zauna a ƙasa, Ummi tana jan nonon da ba komai a ciki tana tsala kuka. Ta ɗago ta dube ni.

"Dada, in faɗa?"

Yarinya ƙarama, a gaban uwar mijinta, a gaban 'yan kamasho da 'yan dako. Na ga tana shirin buɗe baki.

"Rufe bakinki," na ce.

Akwai wata tsohuwar tayar babbar mota a yashe a wurin. Na dafa kafaɗar Rifkatu na hau. Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Harshena bai san hanyar ba. Na yi bisimilla a zuci na sake. Na kira shi. Na kira sunan da liman ya raɗa masa, na haɗa da na ubansa, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro in magariba ta yi bai shigo gida ba. Na sake kira. Muryar da ta fito ban san ta ba.

Mai ƙosai ta saki matsami a cikin mai ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Ɗan farinta ne. Jama'a, ɗan farinta ne ta kira."

Mata suka rufe baki da mayafi. Wani dattijo ya sunkuyar da kai kamar ya ga tsiraici. Ina tsaye a kan taya, ba wanda ya iya dubana.

Sai wani ɗan dako ya sauke buhun da ke kansa. Na san fuskarsa, kullum yana wurin, yana cikin waɗanda suka taɓa ce mana dogaye da yawa. Ya tako a hankali, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban tayar.

"Dada, sauko. Don Allah sauko."

Rifkatu ta sauko da ni.

"Sunana Buba. Rumfata tana kallon ta ɗanki a kasuwar garin can. Ban san iyalinsa ba, ban taɓa shiga gidansa ba. Tun ranar farko zuciyata ta ba ni shi kuke nufi, amma tsoro na ji, Dada. Ban san ko su wane ne ku ba. Yanzu na sani."

"Faɗi," na ce.

Ya ce a hanyar daji suka haɗu, bayan duwatsu, ɗan nawa yana goye da wani tsoho. Suka yi tafiya tare, suna karɓa-karɓar tsohon. A bakin wani rafi aka buɗe musu wuta daga cikin dawa. Da abin ya lafa suka fito daga inda suka ɓuya, suka tarar tsohon ya cika, shi kuma da sauran numfashi.

"Ya yi magana?" in ji Hajara.

"Ruwa ya nema, Yaya, muka ba shi. Ya yi shahada. Ni da wasu bayin Allah muka haƙa da adda da hannu, muka yi musu salla, muka sa su a gindin wata tsamiya da rigunansu. Mun ɗora duwatsu. In hanya ta buɗe zan iya kai ku."

Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce masa Allah ya saka da alheri, ya rufa masa asiri yadda ya rufa wa nawa. Ya fashe da kuka, ni ban yi ba, idon mutane yana kaina.

Rifkatu ta tare keke, ta karɓi Ummi ta rungume, muka shiga. Iska mai zafi tana dukan fuska, gari yana ta harkarsa, masu lemo, masu gyaran taya. Hajara tana gefena, wayar a cinyarta, ta kife ta. Mun yi nisa kafin ta yi magana, ba ta kuwa dube ni ba.

"Dada, shi ya taɓa jin kin kira shi haka?"

"Bai taɓa ba," na ce.

Da muka karya kwanar unguwarmu, ta ce:

"Ni ma bai taɓa ji ba."